Haɗin Da Ba Shi Da Suna

Shafi na 31

Masu cika min waya da saƙo tun da sassafe, na gani, na kuma ji. Wata ma cewa ta yi in ban saki shafin yau ba har gida za ta biyo ni ta ƙwace biron. Baiwar Allah, da waya nake rubutu, kuma jiya ba a kawo wuta ba. Ku kuma masu zagin Amarya ku ɗan sassauta, yau ko ni da nake jin haushinta sai da ta ba ni tausayi. Ku gyara zama.

*

Da almakashi nas ta tsarge hannun rigar, domin maɓallin ya ƙi ɓalluwa, kuma babu lokacin lallaɓa shi.

Wata bakwai ke nan rabon da wani mahaluki ya ga damtsen Auta in ba matarsa ba. A shagonsa na aski kullum riga mai dogon hannu yake sawa da baƙar safar hannu, in an tsokane shi ya ce tsaftar zamani ce. Yau da hantsi yana tsakiyar yi wa wani mutum aski, kilifa tana kuka a hannunsa, sai kawai ya sulale ƙasa. Mutumin ne da rabin askinsa ya kinkimo shi zuwa asibiti.

Yanzu ga hannun nan a fili, kowa yana gani.

Daga wuyan hannu har kafaɗa ƙuraje ne baƙaƙe masu tauri, kowanne da busasshen ɓawo a tsakiyarsa kamar kan ƙusa. Inda babu ƙurji fatar ta bushe tana ɓarewa, tana zuba fari-fari a kan zanen gado. A cikin gwiwar hannu kuwa ta saɓe tana sheƙi, jijiyoyi duk a bayyane, ga nankarwa jajaye sun ja layi har hammata.

Yaya ce ta fara salati. Ita ce babbar yayarsa, ita ta raine shi tun yana rarrafe bayan rasuwar mahaifiyarsu, har gobe kuma kallon ɗan goye take yi masa duk da gemunsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Auta? Wannan jikinka ne?"

Auta yana nan kwance. Idonsa a lumshe, fuskarsa ta kumbura suntum, amma ko a haka yatsunsa neman wurin susa suke yi.

Nas ta ce, "Mama, ki matsa baya, za mu sa masa ruwa."

Yaya ba ta matsa ba. Juyowa ta yi ta kafe matar ƙaninta da ido.

Shekara tara da aure, ga 'yan biyu mata har sun shiga aji uku, amma a bakin dangin miji har yau sunanta Amarya. A waya kuwa Anti Mai Haɗi ake ce mata. Ita ce mai haɗa man gyaran fata da mata ke rububinsa, mai cewa babu tabon da zai kwana goma a gabanta. Yau ga Anti Mai Haɗi a rakuɓe jikin bango, takalminta wari da wari, ta yi tsuru-tsuru kamar wadda aka kama a ɗakin mutane.

"Ke. Kin san da wannan?"

"Yaya, ƙuraje ne kawai, zafi ne ya..."

"Zafi? Ni kike gaya wa zafi? Shekara talatin ina koyar da yara a aji marar fanka, na san ƙurajen zafi!"

Shigowar likita ce ta katse su. Gajeriyar mata ce mai tabarau, ba ta da fara'a, ba ta kuma da ɓata lokaci. Ta ɗaga hannun Auta, ta juya shi, ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta karanta takardar gwajin da aka miƙo mata, ta sake karantawa, sannan ta ɗago.

"Wace ce matarsa?"

"Ni ce."

"Ke kuma fa, Mama?"

"Uwarsa ce ni, ubansa ce ni. Duk abin da za ki faɗa a gabana za ki faɗe shi."

Likita ta gyara tabarau.

"To ku saurara da kyau. Ƙurajen nan ba su ne ciwon ba, alama ce kawai. Ciwon sikari ya daɗe a jikinsa ba a kula ba, har ya taɓa ƙoda. Idan ƙoda ta gaza tace dattin jini, wani lokaci a fata abin yake fitowa, da ƙaiƙayi irin mai hana mutum sukuni. Da ranar da suka fara fitowa aka auna jininsa da fitsarinsa, da ba a wannan ɗakin muke magana ba."

Yaya ta dafe ƙirji. "Ƙoda?"

"Ƙoda. Amma ba ita kaɗai ce ta kayar da shi yau ba." Ta nuna wurin da fatar ke sheƙi. "Wannan ba aikin ƙoda ba ne, aikin mai ne. Me yake shafawa?"

Amarya ta kawar da kai.

"Da ke nake. Me yake shafawa, tun yaushe, kuma yaushe ya daina?"

Daga kan gado wata murya ta fito, ƙasa-ƙasa, da ƙyar ake ji.

"A tasha... na saya."

Duk suka juya. Auta ya buɗe ido kaɗan, ba likita yake kallo ba, matarsa yake kallo.

"Wajen wani mai talla... ban san shi ba. Ita ba ta ma sani ba."

Wallahi a nan na ajiye wayar na share ido. Mutum yana tsakanin rai da mutuwa, abin da ya dame shi kada a ga laifin matarsa.

Likita ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo kan Amarya.

"Ni ba 'yar sanda ba ce, ba kama wani zan yi ba. Jininsa ya yi ƙasa sosai, muna ƙara masa ruwa ya ƙi tashi. Akwai mayukan da in jiki ya saba da su aka yanke rana ɗaya, haka suke yi wa mutum. Akwai kuma masu ɗauke da gubar da ke cin ƙoda. Maganin wannan daban, na wancan daban, shi kuma jikinsa ba zai ɗauki kame-kame ba. Zan fara da abin da nake zato, amma a duhu nake aiki. Wanda ya san sunan man nan ya faɗa min tun da sauran lokaci."

Ta fita, nas ta bi bayanta. Kafin nas ɗin ta fita ta ɗora wa Yaya yagaggiyar rigar a hannu, ta ce su jira a waje.

*

A barandar asibitin akwai dogon benci, mutane cike. Yaya ba ta samu wurin zama ba, ta jingina da bango, hawaye suna zuba. Ba ta da hankici, sai ta kai rigar Auta fuskarta.

Ta tsaya cak.

Ta sake shinshinawa.

Amarya tana ganin haka ta san tata ta ƙare.

Yaya ta nufo ta. Wuyan hannunta ta damƙa ta ja ta, suka wuce ɗakin karɓar magani, suka wuce masu goge-goge, har ƙarƙashin bene inda ake jingine kujerun tura marasa lafiya da suka lalace. A nan ta sake ta, ta cusa mata rigar a hanci.

"Shaƙa."

"Yaya..."

"Na ce ki shaƙa! Ƙamshin lemo da kwakwa. A wace tashar ake sayar da wannan? Ba shi ne irin wanda kika kawo min a farar roba ba, na ce ba na son canza halitta, na ƙarar da shi a kaushin ƙafa? Hancina bai tsufa ba, Amarya."

Amarya ta durƙushe a kan siminti.

"Ni ce, Yaya. Ni na haɗa."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Wata bakwai! Ina zuwa gidanku duk ƙarshen mako, kina dafa min shayi, kina yi min dariya, yarona yana ruɓewa a cikin riga?"

"Wallahi taimakonsa na yi niyya. Ba ki ga yadda yake susa ba, Yaya, har da bayan cokali, har da murfin kwalba. Kuma aski yake yi, da hannu yake cin abinci. Wa zai miƙa kansa ga mai aski da hannu duk ƙuraje? Mutum biyu suka gani suka daina zuwa. Kuka ya yi min, Yaya, ƙaton namiji."

"Sai asibiti ya ƙaura daga garin?"

Amarya ta sunkuyar da kai.

"Ina tambayarki. Babu wanda ya ce muku ku je asibiti?"

"Mai kemis ɗin da ke kallon shagonsa ya gani. Ya ce wannan ba na shafe-shafe ba ne, daga ciki yake. Ya rubuta masa takarda ya je a auna jini da fitsari."

"Ina takardar?"

Amarya ta shiga murza bakin mayafinta.

"Amarya, ina takardar?"

"Na karɓa. Na ce ya ba ni sati biyu kawai, in bai warke ba da kaina zan raka shi."

"Saboda me?"

Amarya ta ɗago, fuskarta jiƙe sharkaf.

"Saboda nas-nas ɗin asibitocin nan rabinsu a wajena suke sayen mai! In na shigo da mijina jiki duk ƙuraje, kafin azahar labari ya zaga gari. A ce Anti Mai Haɗi, mai gyara fatar duniya, ta kasa gyara ta mijinta? Sunan nan shekara shida na yi ina gina shi, Yaya. Na ji tsoro. Na ji kunya. Shi ke nan gaskiyar, ba ni da wata."

Yaya ta yi wata irin dariya marar daɗi.

"Suna. To ga sunan can a kan gado, je ki ɗauka."

"Kuma ya yi aiki da farko, wallahi ya yi! Kwana goma ƙurajen suka kwanta, ƙaiƙayin ya tafi, ya yi barci har da minshari. Shi da kansa ya ce ina amfanin asibiti. Fatar ta yi sumul, har na..."

Ta haɗiye sauran maganar, amma ta makara.

"Har kika me?"

"Ba komai."

Yaya ta ƙura mata ido. A hankali fuskarta ta canza. Ta laluba jaka, ta ciro waya, ta yi ta shafawa sama-sama har ta tsaya a kan wani hoto. Hannun mutum ne an raba hoton biyu, gefe ɗaya ƙuraje, an rubuta KAFIN, ɗaya gefen fata luwai-luwai, an rubuta BAYAN KWANA GOMA. Babu fuska. Amma a kusa da babban yatsa akwai ɗan tsohon tabon ƙuna.

Yaya ta ƙara girman hoton. Ta san tabon. A gabanta ya taɓa dutsen guga yana ɗan shekara huɗu, ita ta hura masa wurin har ya yi barci.

"Wannan hannun Auta ne."

Amarya ta rufe fuska da tafukanta.

"Talla kika yi da shi. Talla kika yi da ciwon ƙanina!" Muryar Yaya ta karye. "Ni kuma wawuya na tura wa duk malaman makarantarmu, ina cewa ku ga aikin matar ƙanina, ku saya, ku taimaka mata. Da hannuna na tura! Ban ma gane hannun da na yi wa wanka shekara bakwai ba!"

"Ki yafe min, Yaya."

"Kada ki taɓa min ƙafa. Daga nan sai me ya faru?"

"Bayan wata ɗaya suka dawo, sun fi na da. Na ƙara wa haɗin ƙarfi, suka kwanta. Suka sake dawowa, na sake ƙarawa. Safe da yamma nake shafe shi, daga wuya har ƙafa. Yana yawan shan ruwa, yana yawan fitsari, na ce zafin gari ne. Kwana huɗu da suka wuce ya tashi fuska a kumbure, takalmi ya ƙi shiga. Tsoro ya kama ni, na juye robar gaba ɗaya a kwata, na kulle ɗakin haɗi, ban sake leƙa shi ba. Na ce masa an daina."

"Rana ɗaya kika yanke."

"Eh."

"Abin da likita ta faɗa ke nan yanzu-yanzu, kina tsaye kina ji, kika yi gum."

Ni kaina da nake rubutawa ban samo wa Amarya amsa ba.

Yaya ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe tsaye sosai, irin tsayuwar da take yi wa ɗalibai.

"Tashi. Rigimata da ke tana nan, ba ta tafi ko'ina ba. Amma yanzu za ki je ki faɗa wa matar nan komai, ko da ja zan kai ki."

*

A ƙofar ɗakin suka tarar da likita tana rubutu a tsaye. Amarya ba ta jira an tambaye ta ba, ta zazzage komai, tana yi tana shessheƙa. Likita ba ta zage ta ba, ba ta ko harare ta ba. Wannan ya fi zagin ciwo.

Ta juya ta faɗa wa nas sunan wata allura, nas ta ruga. Sannan ta buɗe sabon shafi.

"Yawwa. Yanzu faɗa min sunayen abubuwan da kika zuba, ɗaya bayan ɗaya."

"Akwai man kwakwa, da turaren lemo, da..."

"Ba su nake nufi ba. Masu aikin."

"Akwai 'yan tub-tub ɗin nan masu kama da na man goge baki. Mai jan murfi guda shida, mai koren murfi guda huɗu. Da na ƙara ƙarfi sai na mayar da jan goma."

Biron likita ya tsaya.

"Sunansu nake tambaya."

"Mu da murfi muke gane su."

"Babu rubutu a jikinsu?"

"Ana kankarewa."

"Wa yake kankarewa?"

Amarya ta ce, "Haka sana'ar take, likita. Kowace mai haɗi da sirrinta. In kika bar suna a jiki, maƙwabciya ta leƙo, ko mai yi miki shara ta tsinci kwali a bola, gobe sai ki ga haɗinki a hannun wata. Shi mai kawo mana kaya tun daga wajensa yake goge rubutun, don kada mu tsallake shi mu je wani wuri. In wani ya kuskure da saura, ni nake ƙarasawa da reza. Kwalayen kuma duk Asabar nake ƙonawa a bayan gida."

Yaya ta ce, "Takardar mai kemis fa?"

"Da su ta tafi."

Likita ta cire tabarau ta murza idonta.

"Shekara nawa kina wannan aikin?"

"Shida."

"Shekara shida kina shafa wa mutane abin da ba ki taɓa karanta sunansa ba."

"Yana aiki ne, likita..."

"Na ga aikinsa. Saura me?"

"Sai hoda."

"Wace hoda?"

"Fara ce, mai nauyi, a ɗan gwangwani. Ita ce ƙarfin haɗin. Mai kaya ya ce rabin ƙaramin cokali a bokiti guda, kada a wuce. Ya ce kada in taɓa da hannu, kada ta hau kan ciwo."

A karo na farko fuskar likita ta motsa.

"Kira shi. Yanzu. Ki sa kowa ya ji."

Amarya ta ciro waya ta danna lambar. Ta yi ƙara ɗaya, biyu, aka ɗauka. Muryar namiji ce mai fara'a, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Anti Anti! Manyan gari! Kaya sun ƙare ne?"

"Malam, don girman Allah, hodar nan, mene ne sunanta?"

Ya yi dariya. "Haba Anti, yau kuma? Ai kin san ba a tambayar wannan."

"Mijina ne ba lafiya. Muna asibiti, likita ce take son..."

Hayaniyar kasuwar ta ci gaba, shi kuwa ya yi ɗif.

"Malam? Kana ji na? Rai ne, wallahi rai ne! Sunan kawai, ba zan faɗi inda na samo ba!"

"Wa ke magana ne?"

"Ni ce mana! Anti Mai Haɗi!"

"Baiwar Allah, kin yi kuskuren lamba. Ni takalma nake sayarwa."

Ƙit.

Ta sake kira, ta shiga ba a ɗauka ba. Ta sake, aka ce wayar a kashe take. Ta sake, ta sake, tana dannawa kamar za ta fasa gilashin, har Yaya ta fizge wayar daga hannunta.

Yaya ta ce, "Ina shagonsa?"

"Ba shi da shago. A mota yake kawowa."

Likita ta mayar da tabaraunta.

"To saura hanya ɗaya. Ki je gida ki ɗauko min gwangwanin hodar da ko tub ɗaya ne, in aika a gwada. Zai ɗauki lokaci, amma ya fi babu. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali, rabin cokali a bokiti ba shi da yawa, kuma kwana huɗu ke nan ba ta hau jikinsa ba. In haka ne, muna da sauran dama."

Dama. Amarya ta cafke kalmar nan da hannu biyu. Ta zazzage jakarta a ƙasa tana neman makullin ɗakin haɗi, janbaki da caja da tarkace suka watse. Ta ɗaga zoben makullai, ta duba, ta sake dubawa.

Na gida yana nan. Na kicin yana nan.

Ƙaramin babu.

Nas ta leƙo. "Matarsa. Yana kira."

*

Allurar ta ɗan farfaɗo da Auta. Idonsa a buɗe, leɓɓansa sun bushe sun tsage. An naɗe masa yatsu da bandeji don kada ya yaga jikinsa, amma yana ta goga hannun a ƙarfen gado.

"Maman biyu."

Amarya ta zube a gefen gadon. "Ga ni. Ga ni nan. Na faɗa musu komai, ka daina rufa min asiri, ban cancanta ba."

"Don me kika faɗa? Yaya za ta..."

Yaya ta ce, "Yaya tana nan, kuma ta ji. Kai dai ka yi shiru ka warke, sannan in ci mutuncinku ku biyun."

Ya yi ɗan murmushi, bai kai ko'ina ba ya ɓace.

Amarya ta ce, "Zan je gida in dawo yanzu. Likita tana son gwangwanin hodar nan. Makullin ɗakin ne ban gani ba, amma ko da tabarya zan ɓalle ƙofar."

Auta ya rufe ido.

"Kada ki je."

"Minti ashirin ne kawai, zan hau..."

"Ba ya can."

Likita da ke duba ledar ruwa ta juyo a hankali.

"Me ka ce?"

"Makullin... yana aljihun wandona. Gwangwanin yana shago, a cikin durowa."

Amarya ta matso kusa da shi. "Me ya kai shi shago?"

"Ƙaiƙayin ne, Maman biyu. Ranar da kika zubar da man... ban san akwai azaba irin wannan ba. Kamar ana yawo da allura a ƙarƙashin fatata. Na roƙe ki, kika ce an daina. Ban ga laifinki ba. Amma na kasa riƙe kilifa, na kusa yanke wa yaron mutane kunne."

"Me ka yi da hodar?"

"Na sha ji kina cewa ita ce ƙarfin haɗin. Sauran duk rakiya ce."

"Me ka yi da ita?!"

"Na kwaɓa da man gashi. A bayan labule."

Likita ta matso har gwiwarta tana taɓa gadon. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"A ina ka shafa?"

"Inda ya fi ciwo. Inda na sosa ya fashe."

"Sau nawa?"

"Safe, rana, yamma... duk sanda ya motsa."

"Kwana nawa?"

"Huɗu."

Amarya ta riƙe ƙarfen gadon. Gwangwanin nan sabo ne, ita ta ɓare shi da hannunta. Ta san abin da ke ciki ya isa bokiti arba'in.

"Baban biyu," ta ce, "cokali nawa ka ɗiba? Ka tuna da kyau, don Allah. Rabi? Ɗaya?"

Ya kalle ta da kumburarrun idanunsa, yana neman ta daina kuka.

"Ban auna ba. Ai naki ne, na san ba zai cuce ni ba."

"Saura nawa a ciki?" in ji likita.

"Da safen nan... na kankare gindin gwangwanin."

Biron likita ya faɗi ƙasa, ba ta ko kalle shi ba. Ta yi waje da gudu tana ƙwala wa nas kira a kawo gadon turawa, a buɗe ɗakin wankin ƙoda, a kira babban likita duk inda yake.

Yaya ta kama rigarta a bakin ƙofa.

"Likita! Damar da kika ce muna da ita fa?"

Likita ta zare hannun Yaya daga rigarta, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, in yana da 'ya'ya, a je a ɗauko su daga makaranta."